Taƙi Ɗaya Bisa Ruwa

Ƙarfe tara ta wuce, an ɗauke wuta,
Janareta na tari a bayan ofis,
Daga ni sai littafi a bankinmu na Yawuri.

Takardar masu sa ido tana kan tebur,
Shafi huɗu, da hatimi a ƙasa.
Duk tsawon zancenta kalma ɗaya ce: jari.

Ta ce kowane bashin da muka bayar
Sai an ajiye masa wani abu a gefe,
Kuɗin masu banki, ba na masu ajiya ba,
Shi zai fara ƙonewa in an yi hatsari.

Ta ce uwar kamfani da ke Birnin Kebbi,
Mai riƙe da mu, da na inshora, da na fansho,
Ita ma ta nuna nata daban,
Kada ta jingina da 'ya'ya ta ce ta yi tauri.

Ɗazu da la'asar Alhaji Arzika ya kira,
Murya kamar an shafa mata man shanu:
"Malam Jabbi, ɗan turo na wajenku,
Su kwana uku a nan a ƙirga su,
Litinin su koma gida da wuri."

Na ce, "Ranka ya daɗe," na yi shiru.
Ya ce, "Uwa da 'ya ai tukunyarsu ɗaya."
Na so in ce buhu ɗaya ba ya cika rumbu biyu,
Harshe ya yi nauyi, na ce zan yi nazari.

Ubana jirgi ya tuƙa shekara talatin,
Daga nan zuwa tsallake ranar kasuwa.
Albasa, awaki, babur, mata da goyo,
Kowa na ihu a yi masa ƙari.

Shi kuwa sai ya tsuguna,
Ya auna da hannu daga baki zuwa ruwa.
In bai kai taƙi ba, wani zai sauka,
Ko liman ne, ko mai gari.

Suna zaginsa, ga fili ya bari banza,
Ya zubar da kuɗin mutum biyar.
Ya ce, "Filin nan na iska ne, ba na haya ba,
Ba ta aiko ɗan saƙo kafin hadari."

Jiya na hana Nomau bashin injin ban-ruwa.
Gonarsa na da kyau, na taka ta da ƙafata,
Amma jirginmu ya kusa kai baki.
Ya gyara hula, ya fita ba sallama,
Abin na nan a maƙogwarona kamar gishiri.

Ga kuma Tumba mai bandar kifi,
Da ke kawo ajiya a ƙullin zane,
Takardun na warin hayaƙi da tarwaɗa.
Ba ruwanta da kashi kaza cikin ɗari.

Ita dai in ta zo ta tarar da nata,
Ko da ranar da kowa ya zo a guje.
In kuɗin nan suka tafi Birni kwana uku,
A kwana ukun wa ke riƙe da Tumba?
Inuwa za a ƙirga, a kira ta jari.

Ban ce Alhaji ɓarawo ne ba.
Shi ya biya wa matata asibiti bara.
Uwa ce dai ta ci bashi ta aurar da 'ya'ya,
Yanzu tana son aron zanen ƙarama ta shiga gari.

Na rubuta amsa a waya, layi biyu:
A nemo sababbin hannuwa su zuba,
Ko ribar bana ta kwana ba a raba ba.
Na goge, na sake, na rage mata kaifi,
Na sa gaisuwa a sama don tsari.

Man janareta ya ƙare.
A cikin duhu na danna, ta tafi.
Can bakin Kwara wani na shirin kwance jirgi,
Ina jin muryarsa daga nan
Yana ce wa wani ya sauka, ya yi haƙuri.