Saniyata Tana Bayan Teku

Shekara talatin da biyar ina yankan cibi
a asibitin Kwalam, ɗaki biyu da baranda.
Rabin samarin da ke buga ƙwallo bayan makaranta,
ni na fara jin kukansu.
Ran da garatuti ya fito,
bayan shekara huɗu ana ce mini gobe,
sai kowa ya zama malamin kuɗina.

Lantana ta ce tumaki.
Ta manta bara, da zawo ya shiga turkenta,
sai igiyoyi ta kwance.
Yayana Ɗanjummai ya ce fadama,
shi da ruwa ya ci shinkafarsa tana da ciki.
Naira kuwa gishirin damina ce,
ka rufe a kwano, ka buɗe ka tarar da ruwa.

Mudassir, ɗan ƙanwata, ya kifa turmi ya zauna,
ya kunna waya.
"Inna, akwai kamfani can ƙetare,
sabulu suke yi da man goge baki.
Ki sayi ɗan yanki, kamar tarayyar saniya.
Ba ke za ki kai ta kiwo ba,
amma duk wata uku a aiko miki kason nononki."

Na ce, saniyar da ban ga ƙahonta ba?

Sai da na taka wurin Malam Zubairu.
Ya ce, in hajarsu halal ce,
in kuma sun faɗi da ke aka faɗi,
to ciniki ne, amma a bincika bashin da ke wuyansu.
Aka bincika.

Ban zuba duka ba.
Ungozoma ba ta raɗa suna jariri na ciki.
Na rage na tunkiya biyu
don Lantana ta bar ni in sha iska.

Saƙon farko ya same ni gindin kuka,
nan kaɗai sabis yake tsayawa a garinmu.
Dala goma sha ɗaya,
bayan hukumarsu ta yagi nata.
Ashe ko'ina mai haraji ba ya makara.
Ran kasuwar Gujungu yaron na'ura ya ƙirgo mini.
Na sayi maganin hawan jini,
kwanon gero biyu, kwalbar manja,
da sabulu sanda ɗaya.
Na sansana shi ina dariya ni kaɗai:
wa ya sani, ko namu ne.

Sai wani wata lambobin suka yi ja.
Abin da aka aiko bai kai kuɗin mota ba.
Na kwana ina ƙirga azara.
Mudassir ya ce, "Ramewa ta yi, Inna, ba mutuwa ba."
Ban amsa masa ba.
Yaro ne, bai taɓa zaman naƙuda ba,
fitila ta mutu, mota ba mai,
kana riƙe da hannun 'yar mutane
ba ka san abin da asuba za ta kawo ba.
Jira dai sana'ata ce. Na jira.

Yanzu in na idar da isha'i
nakan tuna can rana ce tsaka.
Wata tana tsaye gaban inji tana naɗe sabulu,
ƙafafunta sun kumbura kamar nawa a da.
Ba ta san Kwalam ba,
ba ta san guminta na shiga tukunyata ba.
Ko wa ya yanke mata cibi?
Nakan saka ta a addu'a, ba suna.

Jiya tunkiyata ta haifi tagwaye.
Lantana ta leƙo ta katanga:
"To, ta bayan tekun nawa ta haifa?"
Na ce tana nan tana tuƙa.

Lambobin sirrin guda shida
na rubuta a bayan tsohon katin awo,
na sa ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwa.
Na faɗa wa Barira wurin.
Ran rabon gado kada a tsaya neman turke.