Dannawa Ɗaya, Amsa Uku

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Tallinn,
ƙanƙara ta manne wa taga.
Triinu ta danna ɗan akwati sau ɗaya:
alama ta leƙo, ta ɓace.

Akwatin yana cikin lakabi,
lakabin yana cikin sahu,
kowanne ya kasa kunne.
Kira guda ya tasa sama kamar kumfa,
ɗa ya amsa, uwa ta amsa,
kaka ma ta ce na'am,
amsa ta shafe amsa.

Kaarel ya ture shayin da ya huce:
"Tare shi a bakin ƙofa mana."

Layi guda ta ƙara.
Ta danna.
Alamar ta zauna daram.

Taragon Kopli ya riga ya wuce.
Yau sai ƙafa.