Irin Da Ba a Binnewa

Kaka Célestine ta bar mini gwangwanin taba.
Ba taba a ciki, iri ne,
ƙanana, baƙi-baƙi, kai ka ce garin masoro.
A kan murfin ta rubuta da fensir: na ƙirji.
Iyakar wasiyyar ke nan.

Na ɓoye shi bayan murhu,
don kada sanyin Manitoba ya yi masa illa.
Da ƙasa ta saki a watan Mayu
na tona rami zurfin ɗan yatsa,
na binne, na danne,
ina ban ruwa safe da yamma kamar mai jinya.
Mako shida. Ko tsinke bai leƙo ba.

Ostap Hrynchuk, maƙwabcinmu mai amya goma sha ɗaya,
ya jingina da shinge yana dariya har hularsa ta faɗi.
Ya ce, "Yarinya, gata ne ya kashe shi.
Wannan ba ya tsira sai ya sha wuya.
Watsa shi bisa ƙasa, kada ki rufe,
yana so ya ga rana da idonsa.
Bar dusar ƙanƙara ta kwana a kansa wata biyar.
Amma jira tukuna, sai kaka ta wuce."
Shi lokacin girbi yake nufi.
Ni wata kakar na ji,
na juya masa baya ina gyaran igiyar shanya.

Ragowar bai cika tafin hannu ba.
Na watsa shi a Oktoba, na shiga ɗaki,
zuciyata na cewa na zubar da gado.

Sai ga shi a Yuni, bakin rijiya, gindin shinge,
har inda ban watsa ba.
Karansa kusurwa huɗu, murza ka ji.
Ganye mai haƙoran zarto, bayansa fari kamar toka.
A littafi sunansa anis-hisof,
Kaka ba ta taɓa kiransa haka ba.
Ƙamshinsa na tsakanin na'a-na'a da baƙar alewa,
kuma shi ne ƙamshin aljihun rigarta,
abin da ban sani ba sai ran nan.

Da zangarniyar ta yi shunayya
ƙudan zuman Ostap suka yi ƙaura gidanmu.
Barewar da ta cinye mini kabeji da wake
ta shinshina, ta yi atishawa, ta wuce.

Na cusa ganye uku a cikin kifin tafki kafin gashi.
Na marmasa fure a kwaɓin gurasa.
Shayinsa ba ya neman sukari,
da zaƙinsa ya zo duniya.
Ran da Rémi ya dafa tukunya da hannu,
na daka ɗanye na ɗaura masa,
kuka ya koma shessheƙa, shessheƙa ta koma barci.

Baba Norbert kuwa,
shekara talatin yana shaƙar ƙurar rumbun alkama,
tarinsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.
Ba zan yi wa ganye ƙarya ba:
bai warkar da shi ba.
Likitan Winnipeg na da nasa ƙwayoyi, muna ba shi.
Amma in na miƙa masa kofi da dare,
ya rungume shi, tururi na hawa gemunsa,
tarin yakan sassauta,
ya ce, "Haka Inna take yi,"
mu sami barci har asuba.

Yanzu Oktoba ta sake zagayowa.
Ƙananan tsuntsaye rawaya na lilo a busassun kawuna,
suna ci, suna zubarwa. Ba na korar su,
sun fi ni iya shuka.
Ostap ya aiko da kwalbar zuma fara tas,
wai kuɗin hayar fure.

Na karkaɗe kai bakwai cikin gwangwanin.
Ƙarƙashin rubutun Kaka,
da fensir ɗin da na samu a aljihun rigarta,
na ƙara layi ɗaya saboda Rémi:
kada a binne, a bar shi a waje.