Gida na Arba'in da Bakwai

An ba ni na'urar hannu, da hula mai tambari,
da tambaya sittin da uku,
aka ce: Bulangwa, unguwar da ruwa ya ci,
gida goma sha biyu kafin la'asar.

Gida, in ji su.
Tabarma ce a kan tudu, da shuɗiyar leda
ɗaure a jikin aduwa.
Nan na tarar da Baba Alifa
yana ɗinkin komar da ba ta da jirgi.

Na ce: mutum nawa ke kwana a nan?
Ya ce: na jiya ko na kullum?
Jiya mu tara ne, har da matar Abame
da ta zo daga Darak da goyo,
ba mu tambaye ta ranar tafiya ba.
Na'ura ba ta san baƙo ba.
Na danna tara, na goge, na sa bakwai,
sai na ji kamar ni na kori biyu cikin dare.

Sau nawa aka ci abinci jiya?
Kafin ya buɗe baki, Gaji daga bayan leda
ta ce: biyu, alhamdu lillahi.
Yarinyar da ke riƙe da zaninta ta ɗaga kai ta dube ta.
Na ga murhun.
Kaza na birgima cikin tokarsa.
A horon Marwa an gaya mana:
rubuta abin da aka faɗa, ba abin da ka zata ba.
Na rubuta biyu.
Ashe kunya ma tana da lamba.

Me kuka fi bukata? Zaɓi uku:
abinci, ruwan sha, magani, matsuguni, kuɗi.
Ya ajiye allura.
Katako huɗu, ƙusa kilo ɗaya, da kwalta.
Buhun shinkafa kwana ashirin ne, yaro,
jirgina kuwa shekara sha ɗaya ya ciyar da mu.
Na bi jerin sama da ƙasa, babu katako.
Sai wani ɗan gurbi can ƙarshe, "wani abu daban",
harafi hamsin yake ɗauka.
Na cusa jirgin a ciki,
gindinsa ya rage a waje.

Ya ce: ku ne na uku.
Na farko sun auna damtsen jikata da zare mai launi,
na biyu sun ɗauki hoton bangon da ya kwanta.
Ni masunci ne, na sani,
ƙirga kifi a ruwa ba ya sa miya daɗi.
Na ce: Baba, in ba a ƙirga ba, mota ba ta san hanya ba.
Irin wannan lissafin ne ya kai maganin amai da gudawa garinmu,
ga ƙanwata can tana aji biyar.
Ya daɗe yana kallona.
To, ya ce, ƙirga da kyau.

Da isha na je bayan asibiti, inda sabis ke kamawa,
na ɗaga na'urar sama kamar mai roƙon ruwa
a garin da ruwa ya gama da shi.
Daga nan Yawunde, daga can ban sani ba.
Wata rana za su zama jan ɗigo a taswira,
wani mai tabarau ya ce: kaza cikin ɗari,
a buɗe sito, ko a ce sai baɗi.
Ban raina ɗigon ba.
Sai dai na san wanda ke zaune a ƙarƙashinsa da allura.

An tura, in ji allon.
Bakwai. Biyu. Rabin jirgi.

Sauro na cizo, na buɗe littafin aljihuna,
na rubuta tara,
na rubuta toka mai sanyi,
katako huɗu, ƙusa, kwalta.
Gobe da bakwai akwai taron bita.
Shugabar ayari takan ce: akwai mai ƙari?
Kullum shiru muke yi, muna kallon shayi.