Sukuri Uku a Illela

Da hantsi labarin ya fito
daga cikin rediyon da ban gama ɗaure bayanta ba,
ga sukurori huɗu riƙe a bakina.
Nijar ta fita, in ji mai karantawa,
ya wuce zuwa farashin taki.
Na tofa su a tafin hannu, na ƙirga. Uku.

Arzika mai albasa ya miƙe daga benci,
ya ce madalla, gara haka,
wanda ya yanke maka wuta da dare
ba ya wayi gari ya ce maka ɗan'uwa ba.
Nomau direba bai ɗaga kai ba,
ya ce motarsa bashi ce,
kuma tayoyinta ba su san wata hanya ba sai ta Ƙonni.
Shekara ashirin suna raba kofin shayi ɗaya a shagona.
Ran nan kowa ya biya nasa.

Mu nan Ekowas muke cewa,
can su ce Sedeyawo.
Ban taɓa ganin ofishinta ba,
ban san ko tana da maigadi ba.
Na dai san lokacin da anka rufe iyaka
albasa ta ruɓe a buhu har ƙudaje sunka ƙoshi,
na san kuma ita ta rufe.
Yanzu an ce an rabu da ita,
ga cikina ya ɗuri ruwa.
Ku fassara mini wannan.

Hakilu ɗana ya manna tutar can a wayarsa,
yana ta cewa 'yanci, 'yanci.
Na ce nawa ne mudunsa?
Ya ce Baba, da wannan tambayar anka sayar da mu tun farko.
Na ɗaga hannu zan tsawata masa,
sai na sosa ƙeya.

Bagudu ɗan canji, naira a hagu, sefa a dama,
ya daina dariyar nan tasa mai haƙorin makka.
Wani ya ce masa za a buga sabon kuɗi,
wani ya ce ƙarya ne,
ya kwana yana lissafi da duka biyun.

Gonar kakana ma ba ta da ra'ayi.
Kunyarta na farawa a Najeriya,
shanun huɗa su juyo a Nijar,
ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda.

Bayan lisha Hajo ta buɗe akwati,
ta zaro katinta daga ƙarƙashin zannuwa,
ta kara shi kusa da fitila.
Ta ce, wanga yana da rai har yanzu?
Innarta na Ƙonni da ciwon suga,
duk wata magani ke tafiya daga Sakkwato
a naɗe cikin leda, a gaban motar Nomau.
Ta ce in Inna ta cika an rufe hanya fa,
ta bakin wa zan ji, ta ina zan bi?
Ni da nake sa ƙarfe ya yi magana,
na rasa ta cewa.
Na ce mata an ce ba abin da zai canza.
Ta ce wa ya ce?
Na ce rediyo.
Ta dube ni, ta hura fitila.

Da asuba na share shago, ban ga sukurin ba.
Na ɗaure ta da uku, tana ɗan karkarwa in an ƙara murya,
mai ita ya ce ba komai, tunda tana faɗi.

Nomau na ta da mota sai ga Arzika
da rabin buhu a kafaɗa.
Ya jefa a but, ya ce na ƙanwata ne, bayan tasha, ka san gidan.
Bai gaishe shi ba.
Nomau bai karɓi kuɗin kaya ba,
bai kuma ce a sauka lafiya ba, ai shi ne mai tafiyar.
Na miƙa ledar magani ta taga,
na tsaya ina kallon lambar motar
har ta sha kwana wajen shingen kwastan.