Tafinta a Ɗaki na Huɗu

Sana'ata aron baki.
Sista Morenike ta yi tambaya da Turancinta mai gishirin Yarbanci,
in juya ta zuwa Hausa,
Hambali ya amsa, in mayar mata.
Dubu uku a yini, kuɗin danfo daga Agege a ciki.

Ƙarfe bakwai ya riga kowa kama layi,
ruwan Yuni na ɗiga daga bakin hularsa.
Ta tsiyaya masa metadon a ɗan kofi,
abin da bai isa ya jiƙa wa kaza maƙogwaro ba.
Ya kurɓe, ya kora da ruwa, ya ce alhamdulillahi da ƙarfi
don ta san bai ɓoye a kumatu ba.

"Tambaye shi, ban da wannan me yake sha?"
"Ce mata wallahi sai shayi."
Na ce mata, sai shayi.
Wallahin na bar shi a bakina,
kada ya tsallaka tebur ya zame mana kaya mu biyu.

To amma fitsari ba ya neman tafinta.
Ta tsoma tsinken gwaji, ta duba agogo,
ta karanto kamar mai kiran sunan 'yan aji:
tiramol. Rafanol. Wiwi.
Duk sun amsa.

Hambali ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Gaya mata maganinta na aiki, ban yi masa butulci ba.
Ciwon ƙashi ya tafi, hamma da gudawa sun tafi,
wata biyar ban nemi allura ba.
Amma wa zai kwantar da ni a ƙarƙashin gadar Ketu
tirela na wucewa ta saman kaina?
Wa zai ɗora mini buhun albasa da asuba
in ƙafa ta ce ba ta zuwa?
Wiwin kuma don tuwo ya shiga.
Kowanne da ma'aikatarsa, kamar gwamnati."

Na fassara duka. Har gwamnatin.
Ba ta yi dariya ba.

"Gaya masa in suka haɗu a jini
numfashi suke ragewa, sannu sannu,
kamar janareta in mai ya kusa ƙarewa.
Gaya masa Nduka,
wanda ke zama can ƙarshen benci da jaridar jiya.
Abokan kwanansa sun ji yana minshari, suka ja masa zane,
suka ce a bar shi ya huta."

Ban san kalmar da zan sa wa wannan minsharin ba.
Na ce, barcin da ba a juyi.
Hambali ya dubi ƙarshen benci.
Wata mata ce a wurin yanzu, tana ɓare gyaɗa.

"Za ta kore ni?"
Wannan ban jira na mayar ba,
na ce a'a.
Sai daga baya na tambaye ta, ta ce
wa ya ce a kore shi? Ya zo gobe, ya zo da gaskiya,
ko rabinta ce.

Ya fita ba laima.
Ta taga na ga ya tsaya gaban kyamis ɗin tsallaken titi,
hannu a aljihu,
ya daɗe,
sai wata doguwar mota ta shiga tsakaninmu.

Da dare a ɗakina, fanka ta tsaya, maƙwabta na faɗa kan famfo,
na ɓalle rabin farar ƙwayar nan
da nake sha tun rasuwar Inna, shekara biyu ke nan.
Rabi ne kawai. Don barci.
Ni ba wanda ya taɓa miƙo mini kofin fitsari.