Ƙofa ta Bakwai

A Tawa, bayan tsohon gidan waya,
akwai layi mai ƙofa tara.
Rufi ɗaya, indararo tara,
kamar maza sun tsaya sahu,
kafaɗa da kafaɗa, ba mai gaban wani.

Kakan Shibkau ya gina su
tun kwamanda na zaune bisa tudu:
jan dutsen Adar daga ƙasa, tubali a bisa,
azara kuwa daga kudu ta zo, bayan raƙuma.
An yi su don masu albashi,
mai allura, mai buga waya, malamin lakwal.
Mu ne na bakwai. Baba na rabon wasiƙa.

Bangon da ya raba mu da ta shida
kaurinsa kamu guda da tafi,
amma bai iya riƙon asiri ba.
Ta cikinsa na koyi lissafi:
Mushe Anaruwa na tisa wa ƴaƴansa bakwai sau takwas,
ni ina kwance nan gefe, ina amsawa a zuci.
Na san tarinsa na asuba
kafin in san fuskarsa sosai.

In Tanti Zali ta buga bango da muciya
sau biyu, gishiri ne ya ƙare.
Sau uku, a bar kome a taho.
Daren da aka haifi autarta sau uku ne,
Inna ta fita ba takalmi.

Ba wanda ya taɓa tambaya, bangon nan na wa?
Ƙusarmu ta shiga ta nan, tasu ta can,
wataƙila sun gaisa a tsakiya.
Ran yaɓe rami ɗaya ake kwaɓa,
a faro daga ta fari,
la'asar ta iske mu a ta tara,
kowa ƙafarsa ja har gwiwa.

Bara magada suka sayar da ta shida.
Mai sayen daga Abijan ya komo,
mutumin kirki, har sukari ya kawo mana.
Bene yake so. Wa zai ce masa a'a?
Kwana biyu diga ta yi.

Da na fito, layinmu ya yi giɓi.
Daga kan hanya na ga cikin ɗakinsu
manne a bayan namu:
shuɗin fenti, baƙin hayaƙi bisa alkuki,
wani farin murabba'i inda kalanda ta daɗe,
da zane-zanen fensir hawa-hawa
inda aka auna tsawon yara huɗu.
Na biyar, can ƙasa, nawa ne.
Na kau da kai, kamar na ga babba ba riga.

Shibkau ya zo da sandarsa,
ya ɗora tafi bisa shuɗin, ya jima.
Ya ce, "Wannan bangon ciki ne, bai san ruwa ba.
Tun da aka aza shi yana da majingini.
Ku ba shi makuba kafin damina,
in ya duƙa, ta takwas ma za ta bi."
Na ce nawa? Ya ce, "Nemo jaki biyu na ƙasa tukun."
Sai da ya zo kan zanen fensir
ya tsaya, ya dube ni, ya shafe.

Jiya da dare barci ya ƙi.
Na miƙa hannu ban yi shawara ba,
na ƙwanƙwasa sau biyu.
Can baya ba kowa, sai yashi da ƙarafan bene
da wata akuya mai tuƙa.

Jim kaɗan na ji takun silifa.
Tsohuwar ta takwas ce, Gwaggo Hajo,
ƙarar ta bi azara ta iske ta.
Tana tsaye bakin ƙofa, fitila a hagu,
gishiri cikin marfin kwano.